A Tsoma Shi Tsundum: Yadda Baƙi Ke Koyon Harshen Marathi a Birnin Pune

 Yau za mu yada zango ne a yammacin ƙasar Indiya, a jihar Maharashtra, inda baƙi daga ƙasashe masu nisa ke zuwa su share wata da watanni don kawai bakinsu ya kama wani harshe da ake kira Marathi.

Bahaushen da ya tashi yana kallon finafinan Indiya, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, yakan ɗauka Indiyanci guda ɗaya ne. Abin da yake ji a fim kuwa Hindi ne. Amma birnin Mumbai da ake shirya waɗannan finafinai shi ne babban birnin Maharashtra, kuma harshen hukuma a can Marathi ne. Jaruma Madhuri Dixit da Marathi ta tashi a gidansu. Haka ma shahararriyar mawaƙiya Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta rera waƙoƙi masu yawa da shi. Dadasaheb Phalke, wanda ya fitar da fim ɗin da ake lissafawa a matsayin cikakken fim na farko a Indiya a 1913, shi ma ɗan wannan harshe ne. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna mutum kusan miliyan 83 ne suka buɗi baki da Marathi, wato shi ne na uku a ƙasar bayan Hindi da Bengali.

Masu harshen kuma ba sa wasa da shi. Sai da aka yi shekaru ana zanga-zanga, aka rasa rayuka fiye da 100, kafin a kafa musu jiha tasu ranar 1 ga Mayu, 1960. A 2020 jihar ta yi dokar da ta wajabta koyar da Marathi a dukkan makarantunta, a watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin tarayyar Indiya ta sa shi cikin jerin harsunan da ta amince suna da daɗaɗɗen adabi.

To, me zai sa ɗalibi ya baro Amurka ko Turai ya zo neman Marathi, alhali Hindi ya fi yawan jama'a, Turanci kuma yana biyan buƙata a manyan birane? Amsar tana cikin abin da aka ajiye a harshen. Tun a 1290 wani matashin malami mai suna Dnyaneshwar ya rubuta sharhin wani littafin addinin Hindu da Marathi, don talakan da bai iya harshen Sanskrit ba ya fahimta. A ƙarni na 17 mawaƙi Tukaram ya bar dubban baitoci da har yau manoma ke haddacewa. Daular Maratha da Shivaji ya kafa, wanda aka naɗa sarki a 1674, ta bar miliyoyin takardun mulki, na haraji da shari'a da wasiƙu, ajiye a gidan adana tarihi na Pune, akasarinsu da wani salon rubutu mai suna Modi wanda ko 'yan ƙasa kaɗan ne ke iya karanta shi a yau. A Pune ne Jyotirao Phule da matarsa Savitribai suka buɗe makarantar 'yan mata a 1848, a lokacin da ake jifan matar da kashin shanu a kan hanyarta ta zuwa aji. B. R. Ambedkar, jagoran kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya, da Marathi ya fitar da jaridarsa Mooknayak a 1920, don ya yi magana kai tsaye da mutanensa, waɗanda tsarin fifikon haihuwa ya mayar da su abin ƙyamar taɓawa. Duk mai son ya san wannan tarihi daga bakin masu shi, ba makawa sai ya bi ta ƙofar harshen.

Wurin da aka fi sani da wannan aiki shi ne shirin wata cibiyar binciken al'amuran Indiya ta jami'o'in Amurka, mai suna American Institute of Indian Studies, wadda masanin Sanskrit W. Norman Brown na Jami'ar Pennsylvania ya jagoranci kafa ta a 1961. Cibiyar tana koyar da harsunan Indiya da dama, kuma tsarinta shi ne kowane harshe a kai ɗalibi garin da ake magana da shi. Masu Hindi suna Jaipur, masu Urdu suna Lucknow, masu Bengali suna Kolkata. Masu Marathi kuwa Pune ake kai su, birni mai tazarar kimanin kilomita 150 daga Mumbai, a harabar Deccan College, tsohuwar makarantar da asalinta ya koma 1821. Akwai zangon damina na kimanin wata biyu da ke farawa a Yuni, akwai kuma na cikakkiyar shekarar karatu ga wanda ya shirya zama na gaske. Haka ma wata ƙungiyar kwalejoji ta tsakiyar Amurka ta fara turo ɗalibanta Pune a 1969, inda ta riƙa sauke su a gidajen mutane, tana ɗora su a kan Marathi.

Tsarin ranar ɗalibi ba shi da wani asiri. Da safe aji ne na sa'o'i, cikin rukuni ƙanƙane: nahawu, karatu, saurare, hira. Akwai zaman malami da ɗalibi su biyu kaɗai, inda ake bin buƙatar kowa, don mai nazarin waƙoƙin ƙarni na 13 ba abu ɗaya yake nema da mai binciken ƙungiyoyin manoma ba. Ana sa ɗalibi ya riƙa rubuta abin da ya gani da abin da ya yi a littafinsa na kullum, malami ya bi da jan biro. Ana kallon fim, ana karanta jarida irin Sakal da ake bugawa a Pune tun 1932. Ana kuma gayyato baƙi daga cikin gari, masu sana'o'i iri-iri, su zauna a gaban aji, ɗalibai su yi ta tambayarsu da Marathi tsantsa.

Wannan gayyatar baƙi ita ce ke tona babbar matsalar da shirin yake fama da ita. Mutum zai ɗauka da zarar an sauke ɗalibi a Pune, shi ke nan, harshe zai shige shi ta ko'ina. Ba haka abin yake ba. Pune gari ne na jami'o'i da masana'antu da kamfanonin kwamfuta. Baƙo ya daure ya haɗa jimla da ƙyar, ya furta ta a kanti, sai mai kanti ya yi murmushi ya amsa masa da Turanci mai kyau, don yana ganin taimako ya yi masa. Direba ya ga baƙuwar fuska, sai ya juya Hindi, domin a wurinsa Hindi ake yi wa wanda ba ɗan gari ba. Mutum yana iya shekara uku a Pune, ya ci, ya sha, ya yi karatu, ya koma ƙasarsu bai wuce gaisuwa ba, kuma ɗaliban ƙasashen waje da yawa haka suke komawa. Saboda haka aikin shirin tsundumawa na gaskiya shi ne toshe hanyoyin gudu. Makarantar harsuna ta Middlebury da ke Amurka, wadda ta faro a 1915, takan sa ɗalibanta su rattaba hannu kan alkawarin ba za su yi wani harshe ba sai wanda suka zo koyo. A Pune kuwa, inda gari ne gaba ɗaya a gaban ɗalibi, takarda ba ta isa ta tsare shi ba. Sai dai ya koyi naci: a amsa masa da Turanci, ya maimaita da Marathi, a sake, ya sake, har mai kanti ya gane cewa wannan baƙo da gaske yake.

Idan aka kai wannan gaɓa, lamarin yakan juya baki ɗaya. Masu Marathi sun saba ganin baƙi daga sauran jihohin Indiya sun yi shekara da shekaru a cikinsu ba su damu da harshensu ba, don haka ɗan wata ƙasa da ya yi ƙoƙari yakan ga karamcin da bai zata ba.

Gida shi ne ajin da ya fi kowanne zafi. Ɗalibin da aka saukar a gidan mutane ba zai kira uwar gida da sunanta ba. Zai ce mata kaku ko mavshi, wato matar baffa ko inna. Maigida kaka ne, wanda a can yake nufin baffa. Yayan gida namiji dada, mace tai, tsohuwar gida kuma aji. Wannan tsohuwa, wadda sau da yawa ba ta jin Turanci ko kaɗan, ita ce malamar da ta fi kowa amfani, domin ba ta san sassauta murya don baƙo ba, kuma ba ta gajiya da tambaya. Tambayar da ɗalibi zai fi ji a rana ita ce ko ya ci abinci, wadda a can ta zama tamkar gaisuwa. A kan tabarmar cin abinci zai koyi sunan pohe, shinkafar da aka daddanne ake karyawa da ita, da varan-bhat, shinkafa da romon wake, da bhakri, gurasar da ake yi da garin dawa ko na gero, hatsin da manoman Maharashtra ke nomawa a busasshiyar ƙasarsu kamar yadda ake nomawa a Katsina da Damagaram. Zai kuma koyi yadda ake cewa an ƙoshi ba tare da an ɓata wa mai girki rai ba, kuma wannan darasi ne da yake ɗaukar makonni.

Daga gida sai titi. Kasuwar kayan miya ta Mandai, wadda gininta ya kai tun shekarun 1880, wuri ne na koyon ƙirga da ciniki, kuma ƙirgar ba ƙaramin aiki ba ce, domin daga ɗaya zuwa ɗari kusan kowace lamba sai an haddace ta daban. Ga kuma direbobin keke mai ƙafa uku. Masu sauraro sun san wannan keke sarai, domin kamfanin Bajaj, mai ƙera da yawa daga cikin A Daidaita Sahu da baburan da ke yawo a titunanmu, a Pune hedikwatarsa take. Gaya wa direba ya yi dama, ya yi hagu, ya tsaya a gaban wancan shago, shi ne jarrabawar farko da ɗalibi ke ci ko ya faɗi nan take. Mutanen Pune kuma sun yi suna wajen rubuta alluna a ƙofar gidaje da shaguna, masu ɗauke da gargaɗi cikin gatse da barkwanci. Ranar da baƙo ya karanta irin wannan allo ya fashe da dariya ba tare da an fassara masa ba, ya ci rabin tafiya.

Amma kada wani ya ɗauka titi kaɗai ya wadatar. Marathi yana da wurare da kunne ba ya kamawa sai an nuna masa. Rubutunsa Devanagari ne, irin na Hindi, kuma wannan cikin 'yan makonni ake iya shi. Furuci ne ke wahalarwa. Inda Turanci yake da t ɗaya, Marathi yana da huɗu: biyu ana sa harshe a haƙori, biyu ana naɗe shi baya zuwa ganɗa, kowanne kuma akwai mai fitar da iska da marar fitarwa. Haka d ma huɗu ne. A nan Bahaushe yana da ɗan rinjaye a kan Ba'amurke, domin r ɗin da ke cikin rana da ruwa da naɗe harshe ake yin ta, kuma kunnen da ya saba bambance d da ɗ ya riga ya san cewa ɗan motsin harshe yana sauya ma'ana.

Sai jinsi. Hausa tana da namiji da mace, Marathi ya ƙara na uku wanda ba namiji ba mace, kuma kowane suna sai an san gidansa. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, don haka mai saurare sai ya yi haƙuri har ƙarshe kafin ya san abin da aka yi. Abin da ya fi rikita sababbin ɗalibai shi ne idan aiki ya shuɗe, aikatau yakan bar wanda ya yi aikin ya bi jinsin abin da aka yi wa. Yaro ya sha mangwaro, aikatau ya ɗauki siffar namiji saboda mangwaro namiji ne. Yaron nan dai ya ci gurasar alkama, aikatau ya koma siffar mace saboda gurasar mace ce. Akwai kuma "mu" iri biyu, amhi wanda ya cire wanda ake wa magana, da apan wanda ya haɗa da shi. Wanda ya rikita su yana iya gayyatar mutum cin abinci alhali da bakinsa ya cire shi daga cikin masu ci. Girmamawa kuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: yadda ake ce wa dattijo "ku", haka can ake ce masa tumhi, a bar tu ga yaro da aboki.

Irin waɗannan ƙa'idoji mutum yana iya jin su sau dubu a kasuwa bai lura ba. Shi ya sa shirin yake kai-komo tsakanin aji da gari. Marina a Ƙofar Mata sun san cewa yayyafi ba ya rina turmi, kuma barin sa a cikin karofi kawai ba ya ba da shuɗi mai kyau. Sai an tsoma, an ciro ya sha iska, an sake tsomawa, sau da yawa. Gari ne karofin, aji ne shan iskar.

Ɗaliban zangon damina suna dacewa da wani abu da ba a iya shirya shi a aji. A tsakanin Yuni da Yuli ne dubban ɗaruruwan mabiya wata ɗariƙa ta addinin Hindu ke tashi da ƙafa daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, tafiyar kimanin kilomita 250 da ke cin kusan mako uku, kuma ta cikin Pune suke ratsawa. Akasarinsu manoma ne da mutanen karkara, suna tafe suna rera baitocin Dnyaneshwar da Tukaram. Ga mai koyon harshe, wannan rana ce da zai ji Marathi na ƙarni bakwai da suka wuce yana fita daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Zai kuma gane, wataƙila a karon farko, cewa maganar da waɗannan mutane ke yi a tsakaninsu ta sha bamban da wadda malaminsa ke koya masa.

Wannan bambanci ya cancanci a tsaya a kansa. Marathin littafi da jarida an gina shi ne a kan karin harshen masu ilimin Pune, musamman Brahmanawa, ɗabaƙar da ta daɗe tana riƙe da karatu da alƙalami. A gabashin jihar ana yin Varhadi, a arewa maso yamma Ahirani, a gaɓar teku ta kudu Malvani, kuma ko a cikin gari ɗaya furucin mutum yana iya fallasa ɗabaƙar da aka haife shi a ciki. An daɗe ana kiran maganar talakawa "marar tsarki", ana yi wa yaransu dariya a makaranta. Marubutan Dalit, wato mutanen nan na Ambedkar da aka mayar abin ƙyamar taɓawa, irin su Daya Pawar da ya fitar da tarihin rayuwarsa Baluta a 1978, sun ƙi yarda da wannan raini, suka rubuta da bakin unguwarsu. A 2016 fim ɗin Sairat na Nagraj Manjule, wanda aka yi da karin harshen karkarar Solapur, ya zama fim ɗin Marathi na farko da ya tara fiye da rufi biliyan ɗaya. Shirin da ya tsare ɗalibi a unguwannin masu hali na Pune kawai ya ba shi rabin harshe ne, kuma ga wanda ya zo nazarin Phule da Ambedkar, rabin da aka hana shi ne ya fi buƙata.

Akwai wadda rayuwarta ta nuna inda wannan hanya ke iya kai mutum. Maxine Berntsen, 'yar jihar Michigan a Amurka, ta isa wani ƙaramin gari mai suna Phaltan a gundumar Satara a 1966, don binciken digirinta na uku a kan yadda maganar mutanen garin ke bambanta gwargwadon ɗabaƙa da ilimi. Aikin ya sa dole ta shiga gida-gida, ta saurari mai kuɗi da matalauci. Ta gama digiri, amma ba ta bar garin ba. Ita da marubuciya Jai Nimbkar suka wallafa littattafan koyon Marathi, ciki har da littafin nahawu na 1975, waɗanda ɗaliban ƙasashen waje suka daɗe suna dogaro da su. A 1978 ta karɓi takardar zama 'yar ƙasar Indiya, ta fara koyar da yaran talakawan da ba sa zuwa makaranta, daga baya kuma aikin ya haifi ƙungiyar ilimi ta Pragat Shikshan Sanstha da makarantar da ke koyarwa da Marathi. Wadda ta zo ɗaukar maganar mutane a faifai ta ƙare tana koya wa 'ya'yansu karatu da rubutu da harshen iyayensu. Haka ma Gail Omvedt, wata Ba'amurkiya masaniyar zamantakewa, ta zauna a ƙauyen Kasegaon shekaru da dama tana rubutu a kan gwagwarmayar Dalit da manoma, har rasuwarta a 2021.

Tsarin kansa ba baƙo ba ne a Nijeriya. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ta jihar Borno, don ɗaliban jami'a su samu zaman da a da sai an fita ƙasar waje ake samu. Duk wanda ya taɓa zama a ɗayansu ya san jarrabawar tana wajen aji, a lokacin da aka haɗu da ɗan garinsu baki ya yi ƙaiƙayin komawa Hausa.

Ga 'yan Afirka da ke karatu a Pune, ciki har da 'yan Nijeriya, damar tana ƙofar ɗakinsu. Cibiyar Symbiosis, wadda S. B. Mujumdar ya kafa a 1971, asalinta an yi ta ne don kula da ɗaliban ƙasashen waje, musamman na Afirka da Asiya, kuma har yau garin cike yake da su. Shirin cibiyar Amurkawa ɗaliban jami'o'in Amurka ya fi ɗauka, amma kayan aikin da yake amfani da su ba a kulle suke ba. Jaridar safe tana nan a bakin titi, tashoshin rediyo da talabijin na Marathi suna aiki dare da rana, ƙamus ɗin Molesworth na Marathi da Turanci, wanda aka fara bugawa a 1831, yana kan intanet kyauta, kuma Jami'ar Mumbai ta tsara darussan Marathi musamman don waɗanda ba harshensu ba ne. Abin da ɗalibi zai ƙara daga wajensa shi ne ya nemi ɗaki a gidan masu harshen maimakon rukunin 'yan ƙasarsu, ya sami malami ko da sau biyu a mako, ya kuma zaɓi mai shayi ɗaya da mai kayan miya ɗaya waɗanda zai roƙa tun ranar farko kada su yi masa Turanci.